Kafin uwa ta san tana da ciki

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Wad Madani ce a ƙasar Sudan, amma asalin gidanmu Maiurno. Kakan mahaifina yana cikin ayarin da ya biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Sun nufo gabas da niyyar Makka, Allah ya sauke su a bakin Nilu kusa da Sannar. Baba ya baro Maiurno yana saurayi, ya zo tsinkar auduga a gonakin Jazira, daga baya ya zauna a Madani ya kama sana'ar agashe. Da kuɗin agashen nan aka yi mana karatu mu duka. Aikina yau shi ne binciken yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke ginuwa tun yana cikin mahaifa, da ƙwayoyin asali da take fitowa daga gare su. Matan unguwarmu a nan Jidda sun daɗe suna cewa in rubuta abin da nake gaya musu a gidajen suna da na biki, don ya kai ga waɗanda ba mu haɗu ba. To ga shi, amma sai na faro daga gidanmu.

Ina sakandare matar Yaya ta yi haihuwar fari. Jaririyar kyakkyawa, kukanta da ƙarfi, sai dai a ƙasan bayanta akwai wani ƙullutu ja mai laushi, fatar kansa siririya har ana hango ruwa a ciki, ƙafafunta kuma ba sa motsi. Ungozoma ta rufe wurin da ƙyalle mai tsabta ta ce a garzaya asibiti. An kai ta, an yi aiki an rufe bayan, amma bayan 'yan makonni kan yarinyar ya fara girma fiye da ƙima, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a goshinta, idanunta suka koma kallon ƙasa. Ba ta kai ga koyon zama ba Allah ya karɓi abinsa.

Mutuwa kowa ya san ta Allah ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganganun da suka biyo baya. Wata ta ce ai tana fita da magariba da tsohon ciki. Wata ta ce ta tsallake wani abu a hanyar kogi. Wata ta ce a danginsu abin yake, da ma an bincika kafin aure. Yarinya ce ƙarama, ko wankan jego ba ta gama ba, tana jin duk wannan daga cikin ɗaki. Ta daina zuwa taron mata, ta daina ɗaukar 'ya'yan mutane, wai kada a ce ta shafa musu.

Da sakamakon shahada, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, na samu shiga sashen likitanci na Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, kuma aka san ta da tura ɗalibanta ƙauyuka tun daga shekarun farko. A nan, a darasin halittar ɗan tayi, wani dattijon malami ya bayyana mana abin da ya juya rayuwata. A ƙarshen mako na uku da shigar ciki, ɗan tayi bai wuce 'yan milimita ba. A bayansa akwai wani shimfiɗaɗɗen faifai na ƙwayoyin halitta. Gefunansa biyu suna tasowa, su karkato, su haɗu, su zama bututu. Haɗuwar tana farawa daga wajen wuya, ta yi sama, ta yi ƙasa. Bakin sama yana rufewa wajen kwana na 25, na ƙasa wajen kwana na 28. Saman bututun nan shi ne zai zama ƙwaƙwalwa, sauran kuma laka. In bakin sama bai rufe ba, a haifi jariri babu ƙoƙon kai sosai, kuma ba ya rayuwa. In na ƙasa ne bai rufe ba, shi ne abin da na gani a gidanmu, kuma sau da yawa ruwa yakan taru a kai ya biyo baya.

Ina zaune a aji na yi lissafi. Kwana 28 da shigar ciki, wato mako biyu kacal bayan mace ta yi ɓatan wata. Yawancin mata a lokacin ko tabbatarwa ba su yi ba. Ashe duk abin da aka ɗora wa matar Yaya, fitar magariba da hanyar kogi da sauransu, ya zo ne watanni bayan al'amarin ya riga ya auku.

Ranar Juma'ar makon na je gidansu. Tana da 'ya'ya lafiyayyu a lokacin, amma maganar ba ta sake ta ba. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a tsakar gida, na ɗaga gefunan biyu na haɗa su daga tsakiya, na bar ƙarshen a buɗe. Na ce mata, "Yaya, haka bayan yarinyar nan ya yi, kuma ya yi haka ne tun ba ki san kina da ita ba."

Ta daɗe tana kallon tabarmar, sannan ta ce, "Ƙanwata, ki ji tsoron Allah, kada ki faɗa mini don in ji daɗi. Ba ni na jawo ba?"

Na ce, "Wallahi ba ke ba ce."

Ta yi kuka mai tsawo. Daga baya ta kira surukarta, wato Inna, ta ce in maimaita a gabanta.

Bayan na gama shekarar imtiyaz, wato ta horon sababbin likitoci a asibiti, na gaya wa Baba ina so in bar duba marasa lafiya in koma bincike, kuma na samu gurbin digiri na uku a wata jami'a a Jamus. Abin bai yi masa daɗi ba. Ya ce, "Uwata, mutane suna layi a asibiti, ke kuma za ki je ki rufe kanki a ɗaki da ƙwan kaji?" Na ce, "Baba, yaran da nake son in taimaka, in sun iso layin nan an riga an makara." Ya yi shiru yana juya tsinken nama a kan wuta, can ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma ki dawo."

Da ƙwan kaji kuwa na fara, don shi ne makarantar duk mai wannan ilmi. Ɗan tsako yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, kuma tun 1951 Hamburger da Hamilton suka raba girmansa a cikin ƙwai zuwa matakai 46, har yau da su ake aiki. Za ki sa ƙwai a kwance a na'ura mai zafin digiri 38. A rana ta biyu ki fito da shi, ki zuƙe ɗan farin ƙwan da sirinji don gwaiduwar ta sauka, ki yanka 'yar taga a ɓawon da ƙaramin almakashi. Da farko ba ki ganin komai sai rawaya. Sai ki tura baƙar tawada a ƙarƙashin ɗan tayin, ki kai ido kan madubin likita. Nan take ya bayyana fari sol a kan baƙi: ga kai yana kumbura gida uku, ga bututun ya rufe a sama, a ƙasa gefunan suna nan a buɗe suna matsowa, ga zuciya ta fara bugawa. Ki liƙe tagar da salatif ki mayar, gobe ki buɗe ki tarar wurin da yake buɗe jiya ya haɗe. Ranar da na fara ganin wannan da idona, ayoyin Suratul Mu'minun ne suka zo bakina, inda Allah ya ambaci maniyyi da gudan jini da tsoka, na karanta su a hankali ni kaɗai a ɗakin. Har yau in na buɗe ƙwai sai na yi tasbihi. Ban taɓa jin wannan aikin ya nisanta ni da Ubangijina ba.

Rufewar bututu farkon labari ne. Bangonsa na ciki cike yake da ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin da ba su zama komai ba tukuna, amma suna iya rabuwa su haifi irinsu, suna kuma iya haifar ƙwayoyin jijiya. Ƙwaƙwalwar baligi tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma kusan dukkansu asalinsu daga wannan siririn bango yake. Kowace ƙwayar asali tana da dogon zare da ya miƙe daga ciki har fatar ƙwaƙwalwa. Pasko Rakic ya nuna a 1972 cewa sabbin ƙwayoyin jijiya suna bin wannan zaren ne su hau zuwa mazauninsu. Hawa shida na ɓawon ƙwaƙwalwa kuma daga ciki ake gina su zuwa waje, waɗanda suka zo daga baya su wuce na farko. Sai wajen 2000 da 2001 aka tabbatar cewa masu zaren su ne ma iyayen ƙwayoyin da ke hawa kansu. Ina zuwa Jamus wannan magana tana da zafinta.

Tambayar da na yi shekaru a kanta a jikin ɓeraye ita ce: me ke sa ƙwayar asali ta daina haifar irinta ta fara haifar ƙwayar jijiya? Lokaci shi ne komai a nan. In ta yi saurin juyawa, jarin ƙwayoyin asali ya ƙare da wuri, a haifi yaro da ƙaramin kai. A 2002 an gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado da ke jawo wannan, mai suna ASPM, a wasu iyalai 'yan Pakistan masu auren zumunci. Wannan ya taɓa ni, don mu ma auren zumunci al'adarmu ce, iyayena ma ɗan wa da 'yar ƙani ne. Ba na cikin masu zaginsa. Amma in wata larura ta maimaitu a gida, hakkin 'ya'ya ne a je a yi gwaji kafin a sake ɗaura wani auren a cikin dangi.

Akwai wata muhawara da ya kamata mai karatu ya sani, don da ita ake yaudarar mutanenmu. Babban masanin jijiyoyi ɗan Sifen, Ramón y Cajal, wanda ya samu kyautar Nobel a 1906, ya tafi a kan cewa ƙwaƙwalwar baligi ba ta sake yin sabbin ƙwayoyin jijiya. A shekarun 1960 Joseph Altman ya ga sabbi a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, aka yi watsi da aikinsa shekara da shekaru. Ina yawan tuna mutumin nan, don yana da gaskiya amma babu mai saurarensa. Sai da Nottebohm ya ga haka a tsuntsun kanari a shekarun 1980, Reynolds da Weiss suka fitar da ƙwayoyin asali daga ƙwaƙwalwar babban ɓera a Kanada a 1992, Eriksson da Gage suka ba da shaida a jikin mutum a 1998, sannan aka yarda. Duk da haka a 2018 bincike biyu suka fito kusan lokaci guda, ɗaya ya ce a baligi abin ya kusa ƙarewa, ɗaya ya ce yana nan har tsufa. Ra'ayina shi ne akwai su, amma 'yan kaɗan ne, a lunguna ƙalilan, kuma ba su isa su gyara ƙwaƙwalwar da ta lalace ba.

A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayar fatar ɓera ƙwayar asali ta hanyar cusa mata ƙwayoyin gado huɗu, a 2007 ya yi da fatar mutum, a 2012 aka ba shi Nobel tare da John Gurdon. A 2013 kuma Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich a Biyana suka rena irin waɗannan ƙwayoyi har suka zama wani ɗan dunƙule na 'yan milimita mai tsarin ƙwaƙwalwar ɗan tayi, suka gwada shi a kan larurar ƙaramin kai. Da cutar Zika ta ɓarke a Burazil a 2015, da irin wannan hanya aka nuna cewa ƙwayoyin asali na ƙwaƙwalwa take kama wa. Ma'anar wannan a wurina ita ce, da ɗan guntun fata daga hannun yaro ɗan Maiurno zan iya ganin abin da ya faru da ƙwaƙwalwarsa tun yana ciki, ba tare da an taɓa ɗan tayi ko ɗaya ba.

Na cika alƙawarin Baba na dawo Madani, ko da yake bai daɗe ba bayan dawowata ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗakin bincikenmu ƙarami ne: madubin likita, na'urar ƙyanƙyasa, firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, da janareta da muke karo-karon kuɗin mansa. Ƙwai muke saya daga masu kiwon kaji. Ɗalibaina yawancinsu mata ne, daga Gadarif da Kasala da Damazin. Muna zagaya ƙauyukan Jazira da na Sannar muna rubuta tarihin iyalan da aka haifi masu buɗaɗɗen baya ko ƙaramin kai, mu ɗauki jini da guntun fata in sun yarda. Hausa ta buɗe mana ƙofofi. Tsohuwar da ba za ta gaya wa likita da Larabci cewa ta binne jikoki masu larura iri ɗaya ba, in na zauna a kan angarib ɗinta, wato gadon igiya, na ce, "Iya, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" sai ta lissafo mini su da sunayensu.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Madani ta cika da 'yan gudun hijira, ajujuwanmu suka zama ɗakunan kwana. A watan Disamba yaƙin ya iso mu. Muka fita a bayan babbar mota, ni da Inna da yara, zuwa Gadarif, daga nan Fot Sudan, daga nan Jidda. Kayan aiki ana sake saye. Abin da nake kwana da shi a rai shi ne firjin nan. Wuta ta ɗauke, babu mai tada janareta, duk abin da ke ciki ya narke. Kowane ɗan bututu a cikinsa amanar wata uwa ce, wadda ta miƙo hannun ɗanta don na ce mata wata rana wannan zai amfani jikokinta. Wata ɗalibata, Allah ya saka mata da alheri, ta koma ana harbi ta kwaso littattafan tarihin iyalan ta naɗe su a cikin tob ɗinta, wato mayafin matan Sudan. Su kaɗai suka tsira.

A Jidda na samu aiki a ƙarƙashin wani farfesa, ina renon ƙwayoyin asali da aka samo daga fata. Na kuma tarar da Hausawa da yawa, waɗanda kakanninsu suka zo hajji suka zauna, har Hausawi ya zama sunan gidansu, da kuma mu sabbin zuwa. Da aka ji aikina sai mutane suka fara sallama. Wani bawan Allah ya zo da matarsa da ɗansu mai shanyewar jiki tun haihuwa. Ya nuna mini bidiyo a waya, wani asibiti a ƙasar waje yana tallan allurar ƙwayoyin asali. Ya sa motar da yake neman abinci da ita a kasuwa don ya biya.

Ya ce, "Dakta, ke aikinki ne. Ki ce mini in je."

Na ce, "Alhaji, da zan iya cewa ka je da na fi kowa murna. Kada ka sayar da motar nan."

Na gaya masa abin da zan gaya wa kowa. Maganin ƙwayoyin asali da ya daɗe da tabbata shi ne dashen ɓargo, don sankarar jini da sikila da makamantansu, sai wasu ayyuka na fata da na ido. Na ƙwaƙwalwa har yanzu a matakin gwaji yake, kuma gwaji na gaskiya ba a karɓar dukiyar marar lafiya a kansa. Abin kuma yana da haɗari: a 2009 likitoci sun ba da rahoton wani yaro da aka yi wa irin wannan allura a Mosko, ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa da laka, aka gwada aka ga daga ƙwayoyin da aka sa masa ya tsiro. Na haɗa su da masu gashin ƙashi da motsa jiki. Matar ba ta ce mini uffan ba har suka fita, na san na kashe mata wani fata da ta daɗe tana riƙe da shi, kuma na kwana da nauyin hakan. Bayan watanni ita da kanta ta kira ni ta ce yaron ya fara riƙe cokali.

Wasu kuma halacci suke tambaya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin asali don magani da bincike in an samo su ta halal, kamar daga baligi da izininsa ko daga mabiyiya da cibiya, ta kuma haramta a zubar da ciki da gangan don a same su.

Abin da na fi so mata su riƙe ya fi duk wannan araha. A 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila ya nuna cewa sinadarin folik asid yana rage maimaituwar buɗaɗɗen baya da kusan kashi 70 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar mai larurar. A 1992 aka nuna a Hangari cewa yana kare har matan da ba su taɓa haifar mai larurar ba. Ƙwaya ɗaya ce a rana, maikirogiram 400, amma dole a fara aƙalla wata guda kafin ciki ya shiga, a ci gaba har wata uku. Wadda ta taɓa haifar mai larurar, ko mai ciwon sukari, ko mai shan maganin farfaɗiya, ta ga likita tun kafin ciki, don nata adadin ya fi haka, kuma kada ta yanke maganinta da kanta. Ba ya hana duka, amma yana hana da yawa. Amurka da Kanada sun wajabta zuba shi a garin alkama a 1998, Saudiyya ma tana zubawa. Mu kuwa a ƙauyukan Jazira dawa muke kai wa injin unguwa a niƙa mana don kisra da asida, wato burodinmu na fale-fale da tuwonmu, garin kamfani ba ya isa tukunyarmu. A asibiti kuma sai mace ta zo awo da cikin wata uku ko huɗu ake miƙa mata ƙwayar, bayan bututun ya daɗe da rufewa ko ƙin rufewa.

Shi ya sa na daina jiran asibiti. Amaryar Sudan tana yin makonni a ɗaki kafin biki, ana yi mata dukhan, wato turara jiki da hayaƙi, da dilka da ƙunshi, kuma wannan shi ne daidai lokacin da ya kamata ta fara sha. Na fara da masu gyaran amare na unguwarmu a Jidda: na tara su, na yi musu bayani, yanzu wasunsu suna sa kwalbar folik asid a cikin kayan gyaran jiki. Matar Yaya, wadda ke Kasala tun bayan gudun hijira, ita ke yin haka a can, kuma in ta yi magana mata suna saurare, don sun san abin da ta binne.

Tun da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025, ɗalibaina suka fara komawa ɗaya bayan ɗaya. Sun turo mini hoton ɗakin, babu ko kujera. Mun yanke shawarar sake farawa da ƙwai da madubi guda, da firji mai aiki da hasken rana in Allah ya hore. Kafin nan, aikin farko shi ne mu ɗauki littattafan da suka tsira mu bi iyalan gida-gida, mu ga wa ya dawo, mu gaya musu abin da ya sami amanarsu, mu roƙe su ko za su sake ba mu.